Sai Tururi Ya Huce: Shekara Tara Babu Yaya Isyaku

Shekara tara ke nan da aka kai Yaya Isyaku makwancinsa. Ranar da ya rasu aka yi ruwan shuka, har waɗansu daga cikin masu rakiya daga maƙabarta gona suka zarce, don ruwan shuka ba ya jiran a tashi daga zaman makoki. Ban ga laifinsu ba a lokacin, yau ma ban gani ba. Duk shekara in hadari ya fara haɗowa daga gabas nakan tuna da shi, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni. An sake yin ruwan shuka, kowa ya rufe irinsa, amma akwai wani ɓangare na gonar gidanmu da har yanzu ba a sa masa ko ƙwaya ɗaya ba, kuma ɗan Yaya Isyaku, Nafi'u, wanda ya kamata ya shuka wurin, ya bar gida cikin fushi. Masu karatu ku yi mini afuwa, na san shafin jarida ba wurin shanya kayan cikin gida ba ne. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma tsoro nake ji.

Mu uku mahaifinmu ya bari. Babbanmu Yaya Garba, wanda yanzu kowa ke ce wa Alhaji, shi ke riƙe da gida da gona. Sai Yaya Isyaku. Sai ni Talatu, auta, mai koyar da 'yan aji uku a firamaren ƙauyenmu, kuma aure bai kai ni nesa ba, in na yi tari a ɗakina ana ji a gidanmu. Ƙauyen namu yana ƙasar Rimin Gado, inda gona ke manne da gona, babu ko tafin hannu na daji, iyakar wannan da wancan layin gamba ne ko shingen lalle. Wanda ya rasa gonarsa a nan ya rasa ta ke nan, babu inda zai je ya sare sabuwa.

Yaya Isyaku shi ne ya yi nisa a boko. Ya koyar a jami'a, yana zaune a Rijiyar Zaki da iyalinsa, amma da wuya Juma'a biyu su wuce bai leƙo gida ba. Aikinsa binciken sararin samaniya ne, da waɗansu manya-manyan faya-fayai na ƙarfe da aka girke a can kudancin Afirka, masu kama saƙon rediyo da ke zuwa daga nesa. Kalmar rediyon nan ita ta ja masa. Da labari ya bazu cewa Isyaku ya zama dakta a harkar rediyo, sai ga mutane da akwatunansu: wannan ba ta kama tasha, wannan tana shaƙewa, wannan tun da jika ya jefa ta cikin randa ba ta ƙara magana ba. Bai taɓa korar kowa ba. Sai ya zauna a tabarma ya kankare tsatsar wurin batir da wuƙa, ya hura, ya miƙa wa mai ita. Wadda ta tashi a ce kai, karatu ya yi rana. Wadda ta ƙi a ce ai dama tsohuwa ce. Ni kuwa ina gefe ina tsokanarsa, ina cewa an sha wahalar banza, da tun farko an kai shi koyon gyara a bakin kasuwa da an huta.

Alhaji shi damuwarsa daban ce. Ya ji ana cewa ƙanensa yana ilimin taurari, a wurinmu kuwa mai ilimin taurari shi ne mai duba, mai gaya maka ranar da za ka yi tafiya da matar da za ka aura. Ya kira shi zaure ya tsare shi da ido. Yaya Isyaku ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinka. Ni ba na tambayar taurari abin da zai same ka gobe. Abin da ya same su nake tambaya." Alhaji ya ce to, in dai haka ne Allah Ya taimaka, amma da ganin fuskarsa ka san bai gamsu ba.

Ni ce na matsa masa wata rana da hantsi. Ina dafa wake a madafar gidanmu, ya leƙo neman ruwan zafin shayi. Na ce, "Wai Yaya, tsakani da Allah, me kake saurara a sama? Kuma na ji an ce har da rana tsaka?" Ya yi dariya, ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna a bakin murhu, abin da Alhaji ko a mafarki ba zai yi ba.

Ya ce taurari ba a warwatse suke kamar an watsa wa kaji tsaba ba. Gari-gari suke, kowane gari da taurarin da ba sa ƙirguwa, kuma ranar nan tamu ɗaya ce daga cikin mutanen wani gari. A tsakiyar kusan kowane babban gari akwai cibiya, wani baƙin rami mai nauyin da hankali ba ya ɗauka, wanda duk abin da ya faɗa cikinsa ya tafi ke nan, ko haske ba ya fitowa. In aka gwada shi da faɗin garin, bai wuce ƙwayar gero a tsakiyar ƙasar Kano ba. A garuruwa da yawa, har da namu, cibiyar tana kwance lafiya. Amma in iskar gas da ƙura suka gangaro mata da yawa, sai ta farka. Abin da ya gangaro ya riƙa juyawa a bakin ramin yana gogar juna, ya yi zafi, ya yi hasken da wani lokaci yakan fi na taurarin garin gaba ɗaya. Kuma ba duka ramin ke haɗiyewa ba. Wani kaso sai a feso shi waje ta fuska biyu, ɗaya nan ɗaya can, siriri, da gudun da ya kusa na haske, ya huda garin ya wuce can bayansa. Feshin nan shi faya-fayan nasu ke kamawa, shi ya sa dare da rana duk ɗaya ne a wurinsu.

Na ce to, sai me? Ina ruwan Talatu da feshin da ko zane ba zai jiƙa mata ba?

Sai ya miƙa hannu ya ɗaga murfin tukunyata, ya juya shi, ya nuna mini ɗigon ruwan da suka taru a cikinsa. Ya ce, "Daga ina waɗannan?" Na ce tururi mana, ni za ka yi wa tambayar 'yan aji uku? Ya ce, "Tururi yana da zafi ba ya taruwa. Sai ya huce." Ya ce haka haihuwar taurari take. Iskar da ke cikin gari da kewayensa sai ta yi sanyi take dunƙulewa, ta yi nauyi, ta zama sabon tauraro. To feshin nan na cibiya in ya ratsa, yakan ɗumama iskar, ya tura ta gefe, wata ma ya kore ta daga garin ɗungurungum. Duk lokacin da ta fara hucewa za ta taru, sai a sake feso mata wuta. A haka gari yake daina haihuwa. Manyan taurari masu farin haske ba sa daɗewa, su ke fara mutuwa, a bar tsofaffi masu ja-ja suna ta tsufa babu na baya.

Ya ce, "Kin ga dattawan da ke zama a gindin dalbejiya bayan la'asar, kowa da gemunsa ja da lalle? To akwai garuruwa a sama haka suke. Daga nesa gwanin kyau. Amma an daɗe ba a yi suna ba."

Muna cikin haka sai muryar Alhaji ta taso daga zaure, yana yi wa babban ɗansa faɗa a kan jakin da aka bari bai sha ruwa ba. Muryar Alhaji kuwa ba a gina katangar da za ta tare ta ba. Kaji suka watse, matan gida kowacce ta shige ɗaki, yaron ya sulale ta ƙofar baya. Yaya Isyaku ya mayar da murfin a hankali ya rufe tukunyar, ya ce, "Cibiyarmu ta farka." Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi bai taya ni ba, sai daga baya na tuna da haka.

Kada mai karatu ya ɗauka Alhaji mugu ne. Wallahi ba mugu ba ne. Mahaifinmu ya rasu Alhaji yana saurayi, ya ɗauki gidan nan a ka. Shi ya hana a cire Yaya Isyaku daga makaranta lokacin da dangi suka ce hannu ake buƙata a gona, shi ya tsaya ni ma na yi karatun da nake cin abinci da shi yau. Da zafin nan nasa ya yi duk wannan, don da mai sanyin hali ne da tuni dangi sun tanƙwara shi. Yaya Isyaku ma haka ya faɗa mini game da garuruwan nasa. Ya ce feshin ba ɓarna kaɗai yake yi ba. Wani wurin in ya bugi iska sai ya matse ta, matsewar ta sa taurari su tsiro a inda da ba za su tsiro ba. Kuma da babu ɗuminsa sam, da iskar ta zubo gaba ɗaya, gari ya cinye abin haihuwarsa a tashi ɗaya, kamar manomin da ya tuƙa tuwo da irinsa. Ya ce abin da su masana ke ta kai-kawo a kansa shi ne gwargwado, wato yaushe zafin ke raya gari, yaushe kuma yake kashe shi. Har ya rasu bai ce mini sun gama gano amsar ba.

Da zai leƙo yau, abin da zai fara gani shi ne birni ya taso mana. Hanyar da yake bi daga Rijiyar Zaki, wadda da dawa ce hagu da dama, yanzu rabinta bulo ne da turakun siminti. Dillalan filaye suna yawo a kan babur kamar masu neman ɓatacciyar akuya. Sun san gidan da aka yi rasuwa, sun san gidan da 'yan'uwa ba sa ga-maciji, ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gidaje nawa muka gani an raba gado da bazara, kafin kaka an yanka gonar fuloti-fuloti, masu ita sun koma sayen awo? Alhaji ya rantse ba za a yi haka da gonar mahaifinmu yana numfashi ba. Shi ya sa har yau ba a raba ta ba, gandu ɗaya ne, a noma tare a zuba a rumbu ɗaya. Na fahimci tsoronsa, ni ma ina da irinsa. Amma tsoron ya ƙara masa zafi, har ya zama duk saurayin da ya buɗe baki a kan maganar gona, Alhaji dillali yake hangowa a bayansa.

Sannan zai ga zaurenmu ya yi fili. 'Ya'yan Alhaji maza biyu duk sun tafi. Babban yana Bacirawa yana jan a-daidaita-sahu, ƙaramin yana birni yana sayar da kayan waya. Ba yunwa ce ta kore su ba, rumbunmu bai taɓa kaiwa ƙasa ba. Kowannensu ya yi ƙoƙarin zama. Ya kawo shawara a tarbe shi da tsawa, ya haɗiye, ya sake kawowa a sake tarbarsa, har ya gaji. Suna zuwa da sallah, su gaida mahaifinsu a durƙushe, su juya kafin magariba. 'Ya'yansu a can aka haife su, a can aka raɗa musu suna. Rabon da a yanka ragon suna a ƙofar gidanmu tun Yaya Isyaku yana da rai. Ranar da wannan ya faɗo mini a rai ina tsaye a gaban allo, sai da yara suka ce Malama lafiya? Alhaji kuwa gemunsa ya yi ja da lalle.

Sai Allah Ya kawo mana Nafi'u. Bayan rasuwar mahaifinsa ya ƙarasa girma a wurin mahaifiyarsa a Bacirawa, ya yi kwalejin aikin gona, kuma da ya gama, maimakon ya bi layin masu neman aikin ofis, sai ya ɗauko jakarsa ya dawo ƙauye ya ce noma zai yi. Mutane suka yi ta mamaki, wai uba ya kalli sama, ɗa ya kalli ƙasa. Damina biyu ya yi a gandu, ba a taɓa tashinsa zuwa gona ba, hannunsa duk ya yi kanta. Shi ne ma ya nuna mini a wayarsa hoton da masana suka ɗauka bayan rasuwar mahaifinsa, na irin baƙin ramin nan, wani zobe ja-ja da duhu a tsakiya kamar bakin murhu. Na kalla na ce ashe dai da gaske yake, ba tatsuniya yake mini ba. Muka yi dariya, muka share hawaye. An sa ranar aurensa bayan kaka da wata yarinya 'yar maƙwabtanmu, har an fara gyara ɗakin da mahaifinsa ke sauka. Ni, Allah Ya shirye ni, har na fara tunanin tukunyar da za a ara ranar suna.

A al'adar gandu, saurayin da ya isa akan yanka masa gayauna, ɗan wurin da zai noma wa kansa bayan ya gama aikin gida, abin da ya samu nasa ne. Aro ce daga hannun maigida, babu ruwanta da gado, kuma ita ke riƙe matasa a gida. Yaya Isyaku ma yana saurayi ya yi tasa, a gefen gabas, ƙarƙashin wani gawo. Nafi'u ya san labarin, a bakina ma ya ji shi. Yana da wani irin gero mai saurin nuna da ya samo a kwalejinsu, ya adana a jarka ya toshe bakinta, yana so ya gwada shi a wurin. Ana saura kaɗan damina ta faɗi ya sami Alhaji a zaure bayan la'asar, dattawa na zaune. Ya durƙusa ya ce, "Baffa, ina roƙon a ba ni wurin Babana."

Gayauna yake nufi. Alhaji kuwa gado ya ji. Kuma an yi rashin sa'a, a makon nan wani mai dogon baki ya gaya masa an ga dillali ya tsayar da babur yana magana da Nafi'u a bakin hanya, alhali mutumin kwatancen wani gida yake tambaya. Ina gidana na jiyo muryar, na fito ko mayafi ban gyara ba, na tsaya daga gefen zaure. Alhaji yana tsaye yana cewa in rabo yake so ga hanyar kotu nan, ba a gabansa za a sayar da ƙasar kakanni ba. Dattawa suna ba shi haƙuri, Nafi'u yana durƙushe yana cewa, "Baffa, ba haka nake nufi ba," amma wa zai ji? Sai Alhaji ya faɗi wadda ta fi duka. Ya ce, "Uban naka ma sama ya yi ta kallo har ya mutu. Me ya sani a ƙasa da zai bar maka?"

Nafi'u ya miƙe ya fita. Washegari da safe ya shigo ɗakina da jarkar geronsa, ya ajiye a bayan ƙofa, ya ce, "Gwaggo, ajiye mini." Na riƙe masa riga, na ce harshe da haƙori ma ana saɓawa, na ce an ce babba juji ne, amma wata rana dole yaro ya karɓi aikin jujin. Ya ce zagin da aka yi masa zai ɗauka ko sau nawa ne, ban da na wanda ke kabari. Ya hau babur ɗin haya ya tafi Bacirawa.

Ni kuma na wuce wurin Alhaji. Duk gidan ni kaɗai ke iya tsayawa a gabansa, ga autanci, ga shi bakina ba shi da linzami tun ina yarinya. Na ce, "Yaya, gayauna yaron nan ya roƙa. Wurin gawo. Wurin da kai da hannunka ka yanka wa Isyaku." Na gaya masa maganar murfin tukunya tun daga farko har ƙarshe, da garuruwan da aka daɗe ba a yi suna ba, ban rage komai ba. Na shirya wa tsawa, har na dafe ƙirji. Ba ta zo ba. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya ɗauki butarsa ya fita.

Tun ranar ba a ƙara jin muryarsa ba. Matan gida suna cewa alhamdu lillahi an samu lafiya, kaji suna kiwo har bakin zaure. Ni kuwa shirun nan ya fi tsawar ba ni tsoro, saboda na tuna ƙarshen bayanin Yaya Isyaku. Ya ce cibiyar nan abin da ke gangaro mata shi take ci. In ta kore shi duka, ita ma sai ta rasa abin ci, feshin ya tsaya, hasken ya dushe, ta kwanta. Na tambaye shi, to shi ke nan gari ya mutu? Ya ce ba lallai ba. In iskar ba ta yi nisa sosai ba, takan huce a hankali ta gangaro gida, a sake haihuwa. In kuwa ta wuce iyaka, ta tafi ke nan. Na ce hucewar takan ɗauki kwana nawa? Ya ce, "Miliyoyin shekaru, Talatu. Su ba sa sauri." Su ba sa sauri, mu kuwa damina gare mu.

Nakan tambayi kaina me zai yi da yana nan. Na san ba zai ɗaga wa yayansa murya ba, bai taɓa ba. Ina jin zai zauna a zaure ya yi ta kankare tsatsar wata rediyo har Alhaji ya gaji da shiru ya yi magana. Sannan ya shiga mota ya je Bacirawa ya zauna da ɗansa, ya ce masa maganar da aka faɗa a kansa ba ta dame shi ba, don rabinta gaskiya ce, shi kam ya kalli sama. Yana da baiwar zama tsakanin wuta biyu bai ƙone ba. Ni ba a ba ni ita ba. Ni in na ga wuta, ko in zuba ruwa ko in zuba kananzir, kuma ba kullum nake bambance jarkokin ba.

Da aka yi ruwan shuka, Alhaji ya fita da 'yan ƙwadago, yana gaba da sungumi duk da ciwon gwiwar da ya sa yake dogara sanda. Suka biyo gonar tun daga yamma. Da suka iso layin gamban da ya raba wurin gawo da sauran gona, ya ce a tsaya. Suka ce Alhaji ai da saura, ya ce iri ya ƙare. Matarsa ce ta raɗa mini cewa ƙwaryar irin ta dawo gida da rabinta. Wanda ya san Alhaji ya san iyakar ban-haƙurinsa ke nan. Ba zai kira waya ba, ba zai aiki kowa ba. Ya bar wurin a buɗe, shi ke nan. Kuma na san ba zai iya barinsa haka har abada ba. A ƙasarmu barin gona fili da damina abin kunya ne, in aka sake ruwa wurin yana nan, dole ya shuka shi da kansa.

Na kira Nafi'u a waya na gaya masa. Ya ce, "Gwaggo, bari in huce." Kalmar ubansa ce ta fito daga bakinsa bai sani ba. Na ce, "Huce, ɗana, hakkinka ne. Amma ƙasa ba ta san fushi ba, danshi ta sani." Ya ce ya ji. Mahaifiyarsa ta gaya mini ɗan Alhaji na Bacirawa ya samo masa a-daidaita-sahun da zai riƙa ja, amsarsa kawai ake jira. In ya karɓi makullin nan na san sauran labarin, don sau biyu na gan shi. Za a ɗaura aure a kai amarya ɗakin haya, a yi suna a can, a aiko mana da goro. Gonar kuma, ranar da Alhaji ya kwanta dama, waɗanda suka manta ƙamshin ƙasarta su za su raba ta, dillalai suna tsaye a bakin hanya suna jira. Abin da ya ƙona kowa don ya tsare, zafin nasa ne zai miƙa shi.

Shekara tara. In aka ce me ya rage na Yaya Isyaku, littattafansa suna nan a akwati, cike da Turanci da lissafin da ko shafi ɗaya ba na iya bi. Ɗalibansa sukan leƙo gaisuwa jifa-jifa. Tsofaffin ƙauyenmu har yau in rediyo ta shaƙe sukan ce Allah Ya ji ƙan Isyaku, da yana nan da tuni ta tashi. Ni abin da ya bar mini murfin tukunya ne. Ba na ɗaga shi ban tsaya na dubi ɗigon nan ba, in tuna mutumin da ya saurari abin da ke can ƙarshen sama, kuma duk da haka bai rasa jin abin da ke faruwa a zauren gidansu ba. Amma babban abin da ya bari yana Bacirawa yanzu, da makulli a gabansa. Allah Ya gafarta wa Yaya Isyaku, Ya sanyaya makwancinsa, Ya sanyaya zukatan waɗanda ya bari tun kafin ƙasa ta bushe.

Na matso da jarkar geron daga bayan ƙofa zuwa bakinta, inda hannu zai same ta ba sai an nema ba. Duk babur ɗin da ya sauko daga titi sai na ɗaga labule. Yau da safe, kan hanyata ta zuwa makaranta, na ratsa ta wurin gawo, na tsuguna na tura yatsa cikin ƙasa. Sama ta bushe, amma can ciki da sauran danshi. Zan miƙe ke nan sai na ga wani ramin yatsa kusa da nawa, ya fi nawa kauri, sabo fil, ga kuma sawun sanda a gefensa.